Layin Da Na Bari Babu Suna

Azumin bana ya faɗo mana cikin bazara, ni kuwa ba na yi, likita ya hana. Aikina shi ne in zauna a baranda da carbi in riƙa kallon masu yi suna jan ƙafa. Tun ƙarfe goma na safe katangar gidan nan na Unguwar Rimi take fara huci, kafin azahar ko tsuntsu ya daina kuka. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, sai na ga jikata Nafisa ta sauko ƙasa kan tayil ta baje takardun ofishinsu, kwamfuta a cinya, ɗanta yana jan mayafinta, ga tukunya tana jiran ta a kicin. Na ce ta tashi ta ɗan kishingiɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, gobe za a karɓa." Na san wannan amsar, domin na taɓa ba da ita da bakina a wani azumi da ya zo cikin irin wannan zafi, shekara sittin da 'yan kai da suka wuce.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, amma sun fara ɗaure kaya. Shekarata goma sha tara, ina goyon 'yar fari, wata bakwai. Muna zaune a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata, ba nisa da Babbar Kasuwa. Ɗaki biyu ne, na gaba da na ciki, labule a tsakani, rufin kwano babu silin, sai ɗan tsakar gida a baya da aka kewaye da zana. Famfo ɗaya ne a ƙarshen layi, gida goma sha biyu ke sha a cikinsa. Maigidana, Malam, ƙaramin akawu ne a wani ofishin gwamnati. Gidan na aikin ne, ranar da aiki ya tafi gida zai bi shi.

Ni 'yar malamin makaranta ce daga Zariya. Mahaifina ya sa ni boko a zamanin da ake yi wa mai yin haka kallon ya zubar da 'yarsa, har na gama babbar firamare. Lissafi bai taɓa shiga kaina ba, amma rubutu kam Allah ya ba ni. Malamarmu takan ɗaga littafina ta zagaya aji da shi. Da na yi aure sai rubutun ya koma na wasiƙa. Matan layinmu su zo su zauna a bakin murhu, su faɗa, ni in rubuta wa iyayensu cewa suna lafiya, ko da kuwa da kuka suka shigo.

A wannan shekara ne aka ce ana neman matan da suka yi boko su riƙa koya wa matan aure karatu da rubutu, a cikin gidaje, bayan la'asar. Abu biyu ake bukata: yardar miji, da takardar shaida daga wani babban ma'aikaci cewa lallai mace ta iya. Na so abin nan har cikin raina. Ba zan ɓoye ba, so nake a ce "Malama" in waiwaya, in san da ni ake. Na yi wa Malam magana sau uku. Sau uku yana cewa, "Bari mu gani." Na san ma'anar wannan a bakinsa. Ba ya so a ji a ofis cewa matarsa tana aiki, a ce ya gaza.

Ana nan sai maganar zaɓe ta taso. Aka bi unguwa-unguwa ana rubuta sunayen waɗanda za su jefa ƙuri'a. Maza kaɗai, mu ba a sa da mu ba. Kowane namiji an cika masa 'yar takarda, sunansa da na mahaifinsa, da gidansu, da sana'arsa. Aka tattaro na ɓangarenmu a ɗaure-ɗaure aka ba Malam, aka ce ya kwafe su tsaf cikin wani babban littafi mai baƙin bango, ya miƙa kafin Sallah. Ya zo da shi gida a bayan keke yana ta fara'a, domin ba kowa ake ba irin wannan amana ba.

Ranar uku ga azumi ya tashi da ido ja. Ranar biyar idon ya kumbura, kwantsa ta manne shi, sai an jiƙa tsumma an goge kafin ya buɗe. A ɗakin shan magani suka ba shi na shafawa, suka ce kada ya kalli takarda ko hasken rana sai bayan mako uku. A ofis ya ce musu ɗan ciwon ido ne, zai ƙarasa aikin a gida. Shafi huɗu kawai ya yi a littafin, su ma layukan sun karkace.

Kwana biyu littafin yana kan teburi babu mai taɓa shi. Ranar ta uku da hantsi, yana kwance a ɗakin ciki da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, ya kira ni.

"Habiba."

Na ce, "Na'am, Malam."

"Ki rufa mini asiri. Idan littafin nan bai tafi ba, wani za a ba kujerata. Kin san kuma inda za mu kwana."

Na tsaya a bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ban taɓa sa masa sharaɗi a kan komai ba, amma ranar bakina ya riga kunyata. Na ce, "Idan na yi, za ka gaya wa Babban Akawun ofishinku cewa hannuna ne? Ya ba ni takardar nan?"

Ya gyara tsumman da ke fuskarsa. Can ya ce, "Idan ya tafi lafiya, ni da kaina zan faɗa masa. Na yi miki alkawari, ga azumi a bakina."

Na jingine taɓaryar na je na wanke hannu.

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. Bayan sahur da sallar asuba ba na komawa. In wanke kwanoni, in wanke tsummokaran yarinya da ɗan ruwan da ya kwana, in yi surfe tun da sauran sanyi. Famfon layinmu a wannan lokaci sai ya ga dama. Yakan yi tari da sassafe, ya zubo bokiti biyu uku, ya yi shiru sai gobe. 'Yan garuwa sun yi wuyar gani, waɗanda ake samu kuma daga kogi suke ɗebowa, kogin da aka ce ya janye har duwatsun cikinsa sun fito. Ruwan ja ne, sai an bar shi ya kwanta a randa. Ni ba na fita, saboda haka duk abin da ya shigo shi ne rabonmu na yini, da shi za a yi alwala, da shi za a dafa, da shi za a jiƙa wa Malam tsumma.

Da hantsi in shimfiɗa tabarma a ɗakin gaba, in jawo ɗan teburi, in kwance ɗauri ɗaya. In ɗauki takarda in karanta da ƙarfi, Malam daga ciki ya amsa. Shi ya san mutanen. Wani lokaci ya ce, "A'a, wannan Garba tela ne, ba mahauci ba, mai cikawa ne ya yi kuskure." In gyara. In tsoma alƙalami a tawada in ja suna a hankali, in danna takardar tsotse tawada, in ɗauki ta gaba.

Daga ƙarfe goma sha ɗaya kwano yake fara ƙara, yana ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Zafin ba daga waje yake shigowa ba, daga sama yake saukowa ya zauna a kan mutum. Gumi ya riƙa bin gwiwar hannuna, sai na naɗa tsumma a wuyan hannu don kada ya ɗiga a littafin gwamnati. Yawun da zan dangwala in buɗe shafi ma babu. Tawada takan yi kauri a kwalba, kullum sai na ɗiga mata ruwa daga moɗa, ita ta sha ni ban sha ba. Yarinya ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, ba ta yarda a ajiye ta. In sa ta a nono da hannun hagu, in ci gaba da rubutu da dama. Nonon ma ba wani abin kirki a ciki. An ce mai shayarwa tana iya ajiye azumi, amma wace yarinya ce za ta yarda matan layi su ji ta sha? Na yi ta yi, kaina yana sarawa, haruffa suna rawa a gabana.

Da la'asar in rufe littafi in koma wa murhu. Kunun tsamiya, ɗan ƙosai idan an samu wake, tuwon dawa da miyar kuka. Kayan miya sun yi wuya a kasuwa, sai busasshiyar kuɓewa da kuka. Abin da ya cece mu mangwaro ne, domin a shekarar ya yi 'ya'ya har rassa suna karyewa. Idan ladan ya kira, Malam ya fara sha, in miƙa masa kunu a hannu tunda ba ya gani sosai, in fifita masa, sannan in koma bayan ɗaki in sha nawa a tsaye. Yatsuna uku na dama sun yi baƙi da tawada, ba su ƙara fita ba sai bayan Sallah.

Ba zan iya ni kaɗai ba, kuma ban yi ni kaɗai ba. A gida na uku akwai Inna Delu, Bakatsiniya, mijinta ya rasu, tana zaune wurin babban ɗanta. Ta kusa hamsin, ba ta da kulle, ba ta da tsoro, tana tuyar ƙosai a bakin hanya. Ita ce mace ɗaya a layinmu da take zuwa taron da wasu mata ke yi a cikin gari suna cewa sai an ba mu ƙuri'a kamar yadda aka ba matan Kudu. Takan dawo murya a dishe, mazan layi su riƙa kau da kai idan ta wuce. Wata rana ta ɗaga zana ta shigo aron rariya, ta same ni a duƙe kan littafi.

Ta ce, "Ke 'yar boko, mi kike yi haka da rana tsaka? Tashi ki kwanta, kin ga idonki kuwa?"

Na ce, "Inna, kafin Sallah za a karɓa."

Ta leƙa ciki ta ga Malam a kwance, ta dubi littafin, ta dube ni. Washegari ta zo da tulu a kai ta juye mini a randa, ta ɗauki dawar da na jiƙa ta tafi da ita. Daga ranar ita ke yi mini daka, ta haɗa da wata maƙwabciyarmu suna lugude, ina jin sautin turminsu ta bayan zana ina rubutu. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, ta ce musu ciwon baya nake yi.

Sai dai ba ta bar ni na huta da baki ba. Takan zauna a ƙofa tana goye da yarinyata, ta ce in karanta a hankali ta ji. Ranar da na zo kan 'ya'yanta, huɗu a jere, ta sa na maimaita.

Ta ce, "Duk ni na haife su. Wancan na ukun har yanzu in bai ga dama ba ba ya wanke wandonsa. Shi an ba shi layi. Ni fa, ina nawa?"

Malam daga ciki ya ce, "Inna, ba mu muka tsara ba. Haka doka ta zo."

"Ai ba da kai nake ba, mai ido a rufe." Ta matso kusa da ni ta rage murya. "Alƙalami a hannunki yake. Sa ni. Sa kanki. Wa zai sani?"

Wallahi sai da raina ya biya. Na dubi layin da ke gaba, fari tas. Amma na tuna kujerar Malam, na tuna gidan, na tuna takardar da nake jira. Na ce, "Inna, za su gane. Korar sa za a yi." Ta yi tsaki, ba na fushi ba, na gajiya. Ta ce to in rubuta mata shi a wani wuri, ta ga kamanninsa. Na yagi gefen wata tsohuwar takarda na rubuta mata Delu da manyan baƙaƙe. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Ashe ɗan wannan ne ma, shi ake ta hana mu." Ta ƙulle shi a bakin zane ta ɗauki tulunta.

Wajen ashirin ga wata, a cikin ɗaurin layinmu, na iso kan gidanmu. Yaran yanzu ba za su gane wahalar da na shiga ba, sai na yi bayani. A tarbiyyarmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Ba doka ba ce da wani ya rubuta, kunya ce da ake shayar da mu tun muna ƙanana, har ta zama idan sunan ya zo bakinki sai harshe ya ƙi juyawa. Tun farkon aikin, duk inda na ci karo da wani mai irin sunansa sai in ce, "Mai sunan Malam, ɗan wane," shi kuma ya gane. Na rubuta waɗannan, na ce a raina ai ba shi ba ne. Amma ranar sai ga takardarsa shi kansa a hannuna, sunansa da na mahaifinsa a jere, ga lambar gidanmu.

Daga ciki ya ce, "Ina jin ki. Wa ke gaba?"

Na kasa. Na rubuta lamba, na rubuta gida, na rubuta "akawu" a wurin sana'a. Na kai alƙalami wurin suna, har tawada ta taru a bakinsa, na janye. Ji na yi kamar zan shiga ɗakin surukina ba sallama. Na ce a raina idan idonsa ya buɗe sai ya cika da hannunsa. Na kife takardar na karanta ta gaba. Ko gaya masa ban iya yi ba, domin faɗin ma wata kunyar ce.

Kwana shida bayan haka na kai ƙarshen ɗauri na ƙarshe. Tun kwanaki hadari yake haɗuwa ta gabas da yamma ya watse, ya bar mu da zafin da ya fi na da. Ranar kuwa, ina danna takardar tsotse tawada a kan sunan ƙarshe, iska ta taso. Ta kwashe zanar bayan gida, ta watsa tokar murhu cikin kunu. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk matan layi suka fito da bokitai da tasoshi da tukwane ana tara, ana dariya, ana kiran juna, ga ƙamshin ƙasa, ga azumi a baki babu damar sha. Kwanonmu ya fara yoyo daidai kan teburi. Na fizge littafin na naɗe shi da zanen aurena na tura cikin akwati na zauna a kai. Washegari da safe masinjan ofis ya zo a keke. Malam ya lalubo littafin ya miƙa masa ta ƙofa. Sai da ƙarar keken ta ɓace na tuna da layin.

Ban faɗa ba. Kwana biyu ina yawo da abin a ciki.

Ranar jajibere bayan la'asar, ina tankaɗe garin tuwon Sallah a ɗakin ciki saboda tsakar gida ta jiƙe, muka ji sallama. Babban Akawu ne da kansa, dattijo Bakano mai farin tabarau, ya zo dubiya. Idon Malam ya fara buɗewa a lokacin. Ya yi maza ya sa riga ya shimfiɗa masa darduma a ɗakin gaba. Ni ina bayan labule, rariya a cinya. Ta ƙasan labulen ina hango takalmansa a bakin ƙofa, da baƙin littafin a gefen ƙafarsa.

Suka gaisa, ya tambayi jiki, aka yi barka da ruwa. Sannan na ji dattijon ya buɗe littafin.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. A duk littattafan da aka kawo babu mai tsabtar wannan. Har Bature ya tambaya wane ne."

Malam ya ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe."

"Sai dai akwai layi ɗaya. Ga lamba, ga gida, ga sana'a, babu suna. Na nemo takardar, na ga taka ce." Ya ɗan yi dariya, irin ta manya, ba ta wulaƙanci ba. "Shekarata ashirin da biyu a aikin nan, na ga mai tsallake layi, na ga mai maimaitawa. Ban taɓa ganin namijin da ya ji kunyar sunansa ba."

Rariya ta tsaya a hannuna.

Dattijon ya ci gaba a hankali. "Ni ma ina da 'ya'ya mata. Maganar ba za ta wuce ɗakin nan ba. Idan akwai mai wannan hannu a gidan nan, ana neman irinsu ido rufe a ajin matan aure. Takarda ce ta layi uku, yanzu sai in rubuta kafin a sha ruwa."

Ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwa ba. Ba sai Malam ya roƙa ba, ba sai ya yi bayani ba. An kawo masa maganar har gida an ajiye a gabansa, abin da ya rage kawai ya ce haka ne.

Malam ya gyara murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mantuwa ce da ciwo. Iyalina yarinya ce, ba abin da ta sani sai tukunya."

Ina jin ruwan jiya yana ɗiga daga kwano cikin tasa. Labulen nan tsohon zane ne, ko tari na yi za a ji. Da na ce "Ni ce," da an ji. Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni. Abin da ya hana ni rubuta sunan shi ne ya hana ni buɗe baki, kuma har yau idan na tuna haushin kaina nake ji fiye da nasa.

Babban Akawu ya ce, "To. Madalla." Na ji ya zare alƙalami daga aljihu. "Sai ka cika." Na ji ƙarar alƙalamin a kan takarda, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Na san yadda wannan layi zai fito a tsakiyar shafina, kuma na san dattijon yana kallo. Ya rufe littafin, ya yi addu'ar samun sauƙi, ya sa takalmansa.

Malam ya daɗe a ɗakin gaba kafin ya ɗaga labule. Bai dube ni ba. Ya ce, "Kin ji dai. Littafin gwamnati ne, amana aka ba ni. Yau ya ce ba za ta wuce ɗaki ba, gobe fa? A ce a ofis matata ke yi mini aiki, da wane ido zan dubi mutane? Ki yi haƙuri zuwa baɗi."

Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya ɗauka. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Tsoro ne ya yi masa yawa, kuma a cikin abin da ya faɗa akwai gaskiya. Amma alkawarin da azumi a baki ya yi shi, da azumi a baki kuma ya warware. Na ce, "To." Na ci gaba da tankaɗe. Ladan ya kira, na miƙa masa kunu, na fifita masa. Ranar ban iya shan nawa ba sai da ya huce.

Inna Delu ta shigo da safen Sallah ta ga ko lalle ban sa ba. Na gaya mata. Na zaci za ta yi faɗa har layi ya ji, sai ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ta ce, "Ni na yi daka, ke kin yi rubutu, shi an ce ya iya aiki." Ta karɓi yarinya ta ce in je in yi wanka.

Mako biyu bayan Sallah Malam ya koma aiki, ido ya warke sarai. Damina ta fara zama, famfo ya dawo, ƙurajen yarinya sun baje. Wata rana da yamma na ji ya jingine keke. Ina zaune a kan tabarma ina tsince shinkafa ya shigo da wani ɗaurin takardu a hammata, da sabon alƙalami a kwalinsa. Yana murmushi, amma idonsa a ƙasa.

Ya ce, "An ce hannuna ya yi kyau. An mayar da ni ɓangaren kwafe wasiƙu. Waɗannan jibi ake so."

Wannan ɗaurin shi ne na farko. Shekara goma sha huɗu na yi ina karɓar irinsa, har ya hau kujerar babban akawu. Ajin matan aure aka ba wata, baɗi kuma ba ta taɓa zuwa ba. Amma a ranar ban san haka ba tukuna. Abin da na sani kawai na gaji, gajiyar da ba ta azumi ba ce. Na dubi takardun, na dubi mutumin da na kasa rubuta sunansa don girmamawa, na nemi kunyar nan a cikin ƙirjina na rasa inda ta shiga.

Na ture faifan shinkafa gefe. Na ce, "Ajiye a nan, Isiyaku."

Murmushin ya ɗauke. Ya tsaya da takardun a hannu, ya waiwaya ko wani ya ji. Sannan ya sunkuya ya ajiye su a kan tabarma, a daidai inda na nuna.